Lambar da Ɗigo Ta Turo Ta Ƙarƙashin Ƙofa

Kowace safiya, bayan ya sha shayi, Malam yakan ja kujera zuwa bakin taga, ya buɗe littafin rubutu, ya yi rabawa guda ɗaya. Guda ɗaya tak, ko ranar ta yi masa tsawo ba ya ƙarawa. Lambar da yake rabawa kuwa kullum ita ce dai: 62,773,913. 'Yarsa ce ta rubuta ta a 'yar takarda, ta turo masa ta ƙarƙashin ƙofa, kwana goma sha ɗaya kafin ta rasu. Abin da yake nema a cikin lambar shi ne ya san ko ta yafe masa.

Wanda bai san gidan ba zai ce tsufa ne ya fara taɓa tsohon. Ba haka ba ne. Malam dai mutum ne da bai iya cewa "yi haƙuri" ba. Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyar da lissafi a sakandare, yana iya ninka lambobi a ka kafin ɗalibi ya gama fere fensir, amma kalmomin nan biyu in suka taso sai su maƙale masa a maƙogwaro. 'Yar tasa, wadda kowa ke kira Ɗigo saboda ƙanƙantarta ranar da aka haife ta, ta kwashe halin nan kaf, ba ta rage komai ba. Inna, matarsa, tela ce, keken ɗinkinta yana falo. Takan ce Allah ya haɗa ta da masu taurin kai biyu a gida ɗaya, kuma kowanne da alli a hannu.

Mutane biyu da ba su iya ban haƙuri ba dole su nemo wata hanya. Tasu ta samo asali tun Ɗigo tana 'yar shekara tara. A lokacin Malam ya koya mata cewa akwai lambar da ba ta rabuwa daidai sai da ɗaya ko da ita kanta, kamar bakwai, kamar goma sha uku. Irin wannan a gidan suna kiranta tilo. Akwai kuma wadda in ka bincika za ka tarar wasu lambobi ne suka ninka juna suka haife ta, kamar goma sha biyar da take uku sau biyar. Wata rana ya yi mata faɗa don ta zubar masa da tawada a kan littafi. Ta shige ɗaki ta rufe. Can sai ga 'yar takarda ta leƙo ta ƙarƙashin ƙofarsa, an rubuta 17. Ya juya ta, ya gane saƙon: ni kaɗai ce, kada ka kula ni. Washegari sai ga wata, an rubuta 21. Uku sau bakwai, tilo biyu sun haɗu, wato na huce, mu biyu ne. Ya je bakin ƙofarta ya ce, "Uku da bakwai." Ta fito, aka zauna aka ci abinci, ba wanda ya sake tayar da zancen tawada.

Haka suka ci gaba. Tana girma lambobin suna girma, don ta ga iyakar tsohon. Ranar da ya hana ta bin ƙawayenta yawon ganin gari ta turo masa 1,009, ya duba, tilo ce, suka yi kwana huɗu ba mai kallon wani. Ranar da ta huce ta turo 899, ya samo ashirin da tara da talatin da ɗaya kafin Inna ta sauke ruwan zafi. Shi ma in shi ya yi laifi yakan tura mata tasa. Inna ta ce ita ba ta taɓa ganin gidan da ake sulhu da jarrabawa ba sai nata.

Ɗigo ta yi karatu, ta yi aure, ta dawo tana koyar da lissafi a makarantar da mahaifinta yake. A lokacin ne idon Malam ya fara dishi-dishi. Yana ganin uku kamar takwas, ɗaya kamar bakwai, amma ya ƙi yarda, ya ce hasken ajin ne ba shi da kyau. A jarrabawar ƙarshen shekara ya kayar da ɗalibai goma sha huɗu waɗanda amsarsu daidai take. Ɗigo aka ba takardun ta sake dubawa. Ta same shi a gida ta nuna masa, ya ce ta kwashe tarkacenta ta ba shi wuri. Ta yi kwana biyu tana kai da kawo, sannan ta kai maganar gaban shugaban makaranta, don yaran nan za su maimaita aji ba da laifinsu ba. Cikin mako biyu aka shirya wa Malam ɗan taron sallama, aka ba shi agogon bango, aka ce ya je ya huta.

A wurin taron, a gaban malamai duka, ta matso za ta karɓar masa agogon. Ya janye hannunsa ya ce, "Ni ban haifi mai tona mini asiri ba. Daga yau ki nemi wani uban."

Kwana uku bayan haka takardar ta shigo. Ya ɗaga ta, ya ga lamba mai gida takwas, ya ja tsaki. "Tilo ce, ai na sani. Ta zaɓo ƙatuwa ne don ta wahalar da ni." Ya jefa ta cikin durowa ya rufe. A rana ta goma sha ɗaya Ɗigo tana tsaye gaban allo ta ce kanta yana sara mata, ta zauna a kan bencin ɗalibai, ta kifa kai. Kafin a isa asibiti da ita rai ya yi halinsa.

Sai da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, gidan ya yi tsit, sannan Malam ya buɗe durowar.

Ya fara da abin da ido ke iya gani, ya rubuta shi a shafin farko kamar mai cika wa ɗalibi takardar sakamako. Mara ce, ba cika ba, tunda uku ne a ƙarshenta, don haka biyu ba ta da shiga. Biyar ma haka. Ya tara lambobinta takwas, suka ba shi talatin da takwas, wato uku ba za ta raba ta ba, saura biyu. Ba kuma lamba ce da aka ninka da kanta ba, don irin waɗannan ba sa ƙarewa da uku. Ya karanta ta daga baya, ya gwada ko ranar haihuwar wani ce a ɓoye, ko lambar waya, ba ko ɗaya. Da ya raba ta da bakwai sai ya sami saura shida. Ɗaya tak ya hana. A nan ne ya lura da abin da yake yi: duk lambar da ya gwada ta ƙi, ya ƙara taku ɗaya ke nan zuwa ga cewa tilo ce, 'yarsa ta tafi da fushinsa. Ya ajiye alƙalami. Daga ranar ya yanke wa kansa guda ɗaya a rana.

A bangon ɗakin akwai wani tsohon jadawali da ya kwafa da hannunsa tun yana ɗalibi a kwaleji, tilo dubu na farko, goma-goma a layi, daga 2 har zuwa 7,919. Ya fitar da saiwar lambar Ɗigo, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta kusa kamo ta, ya sami 7,922 da 'yan kai. In dai lambobi biyu ne suka haife ta, ƙaramar cikinsu ba za ta wuce nan ba. Jadawalinsa ke nan ya isa, ba ragi ba ƙari. Wannan ya ƙara ɓata masa rai. Ya ce a zuciyarsa da gangan ta auna ta da jadawalin, tana so ya bi shi har ƙarshe ya tarar ba komai. Malam kuwa mutum ne mai bin layi. Shekara talatin da huɗu yana gaya wa ɗalibai a fara daga farko, kada a yi tsallake. Ya sa ɗan yatsa a kan 11, ya ce gobe.

Mijin Ɗigo mai gyaran waya ne, mutum mai shiru-shiru, yakan zo ƙarshen mako ya gaishe su. Wata rana ya tarar da Malam a bakin taga, ya tsuguna kusa da shi.

"Baba, ka ba ni lambar nan mana. Kafin shayinka ya huce wayar nan za ta faɗa maka."

"Wayarka aka turo wa?"

"A'a, Baba."

"To, mayar da ita aljihu." Malam ya goge gilashin idonsa da bakin riga. Can ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "Ba ta faɗa maka komai ba?"

"Wallahi ba ta faɗa ba. Na dai gan ta tana rubutu a teburin cin abinci. Na tambaye ta, ta ce tsakaninta da Babanta ne."

"Fuskarta fa? Tana fushi?"

"Baba, ka san fuskarta in tana lissafi. Ba a gane komai."

Malam ya gyaɗa kai. Yakan ce wa mutane abin da aka rubuta da hannu da hannu ake amsa shi, amma gaskiyar magana tsoro yake ji. Muddin akwai sauran lamba a jadawali, akwai sauran fata.

A watannin farko ne ya fara jin Ɗigo. Ba cikin duhu ba, da safe, rana tana kan taga, keken Inna yana ƙara a falo. Ɗigo tana da wani ɗan gyaran murya da takan yi in ɗalibi ya zame a allo, ba ta magana, sai dai ta yi shi ta jira. Ranar da yake raba lambar da 211 ya ji shi a bayan kafaɗarsa ta hagu, sarai. Bai waiwaya ba. Ya bi layukan da ɗan yatsa, ya tarar ya manta ya aro ɗaya a wurin ɗebewa. Ya gyara, ya ce, "Na gani." Tsigar jikinsa ta tashi, ta daɗe ba ta kwanta ba.

Daga nan abin ya zama jiki. Wani lokaci ya tarar da farin gari a kan dakalin taga, ya shafa, ya sansana, alli ne, alhali tun ranar sallama ba a shigo da alli gidan ba. Wata safiya ya buɗe littafin ya ga bakwai ɗin da ke aikin jiya an ja mata ɗan layi a tsakiya. Shi bai taɓa ja wa bakwai layi ba, yakan ce ƙawa ce mara amfani. Ɗigo ce ke yi. Ya kira Inna.

"Ke kika taɓa mini littafi?"

"Ni da ko ƙurar teburin nan ka hana ni sharewa? Me zan yi da littafinka?"

"Dubi nan."

Ta duba, ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Wataƙila alƙalaminka ne ya zame." Ta koma falo, amma keken bai sake motsi ba sai bayan azahar.

Ko a titi lambar ba ta barinsa. In ya je karɓar magani sai ya ga 773 a katin layi. In mota ta wuce sai ya ga 913 a bayanta, ya tsaya a bakin hanya yana binta da ido har ta sha kwana. Maƙwabta suka fara sassauta murya in ya zo wucewa. Bai damu ba. Abin da ya dame shi shi ne gyaran muryar nan ba ya gaya masa komai game da abin da yake son sani. Yana gyara masa kuskure ne kawai. Sau da yawa in ya gama, ya rubuta saura, yakan ce a hankali, "Ɗigo, ki faɗa mini mana." Sai ya ji ƙarar agogon bango kaɗai.

A shekara ta biyu idon ya ƙara lalacewa. Likita ya haska, ya ce jijiya ce take mutuwa, ba abin da tiyata za ta yi. Malam ya sayi madubin ƙara girma, yana rubuta lambobi manya-manya, rabawa ɗaya ta cinye shafi guda. A jadawalin ya wuce lamba dubu uku, ya wuce dubu biyar. Wata safiya, ya shiga dubu shida da 'yan kai, ya buɗe littafin ya ga shafin ya zama hazo fari, layukan suna iyo. Ya matso da shi har yana taɓa hancinsa. Ya nisanta shi. Ya zauna riƙe da alƙalami, hawaye suna zuba a kan gemunsa, bai share ba.

Inna ta shigo ɗaukar kofi, ta gan shi. Ta jawo kujerar ɗinkinta, ta zare alƙalamin daga hannunsa.

"Faɗi, in rubuta."

"Ke da kika tsaya a firamare?"

"Shekara arba'in ina auna mutane da tef, ban taɓa ɗinka wa wani hannu ɗaya ya fi ɗaya ba. Faɗi."

Haka aikin ya koma na mutum biyu. Ita ta karanta lambar ranar daga jadawali, shi ya yi ninkin a ka, ita ta rubuta, ta ɗebe, ta sauko da ta gaba. Ranar farko ya ɗaga shafin kusa da ido ya ce lambobinta kamar kaji sun yi tsere a kai. Ta ce, "Ai ni tela ce, ba malama ba. In ba ka so, kira wadda ta fi ni." Maganar tana fita ta so ta mayar da ita.

Bayan mako guda Inna tana juya shafukan baya don ta ga yadda yake tsara layi, sai ta tsaya.

"Malam, lambar nan sittin da biyu, bakwai bakwai uku ce, ko bakwai bakwai takwas?"

"Bakwai bakwai uku."

"To, a nan takwas ka rubuta. Nan ma. Nan ma."

Suka ƙirga tare. Kwana goma sha tara ya yi yana raba wata lamba dabam, baƙuwa, wadda ba wanda ya turo masa. Ya kwafi uku a matsayin takwas, ya yi ta binta. Cikin kwanakin nan ko sau ɗaya bai ji gyaran muryar ba, sai yanzu ya lura. Ya riƙe gefen teburin da hannu biyu. Shekara biyu yana gaya wa duk mai saurare cewa sharri aka yi masa a makaranta, hasken aji ne, rubutun yaran ne ba ya karantuwa.

"Ashe yaran nan amsarsu daidai ce," in ji shi. "Su goma sha huɗu. Ashe gaskiyarta ne."

Inna ta ce, "Kowa ya sani, Malam. Kai kaɗai ka rage."

Suka koma baya suka sake goma sha taran nan, guda ɗaya a rana, don ya ce ba zai karya ƙa'ida ba. Ya sa ta bi duk littattafan tun daga na farko tana karanta masa kan kowane shafi, ko akwai wani wurin da ya zame. Babu. Amma ba ɗaya cikin goma sha taran da ya raba lambar, kuma abin da ya rage a jadawali bai fi tafin hannu ba.

Kusan shekara uku da rasuwar suka iso layin ƙarshe, tilo goma. Malam ya rame, abinci sai Inna ta tsaya a kansa. Ya riga ya saddaƙar. Ɗari tara da casa'in sun ce a'a, mene ne goma za su yi? Ranar farko saura 6,708. Washegari 4,884. Sai 3,120, sai 2,484.

Inna ta ce, "Malam, sauran nan raguwa yake yi. Da can tsalle yake, yau sama gobe ƙasa. Yanzu kullum sai ya sauko."

"Duk lambar da ka kusanci saiwarta haka sauranta ke yi. Ba ya nufin komai."

"Ni dai ji nake kamar wani yana tahowa."

"Rubuta abin da na ce kawai."

Gaskiya ya faɗa mata, haka lissafin yake. Amma shi ma yana jin abin da take ji. 2,100. 1,920. 1,584. Gyaran muryar ya ɗauke gaba ɗaya, ɗakin ya yi wani irin shiru, irin na aji in an raba takardun jarrabawa. Da suka raba da 7,901 saura 468. Da 7,907 saura 240. Guda ɗaya ta rage, ta can ƙasan kusurwar dama, inda takardar jadawalin ta fara naɗewa don tsufa.

Kwana uku Malam yana cewa kansa yana ciwo. Rana ta huɗu Inna ta ajiye masa shayi, ta zauna, ta buɗe sabon shafi.

"Yau za mu gama. Ni ma 'yata ce."

Bai yi musu ba. Ta tashi ta je bango, ta miƙe kusurwar takardar da ɗan yatsa. "Dubu bakwai da ɗari tara da goma sha tara."

"Ɗauki gida biyar na farko. Sittin da biyu, bakwai bakwai uku. Zai shiga sau bakwai. Rubuta bakwai a sama. A ƙasa rubuta dubu hamsin da biyar da ɗari huɗu da talatin da uku. Ɗebe."

Ta ɗebe tana motsa leɓe. "Dubu bakwai da ɗari uku da arba'in."

"Sauko da tara. Zai shiga sau tara. Dubu saba'in da ɗaya da ɗari biyu da saba'in da ɗaya."

"Saura dubu biyu da ɗari da talatin da takwas."

"Sauko da ɗaya. Sau biyu. Dubu goma sha biyar da ɗari takwas da talatin da takwas."

Alƙalamin ya yi ta ƙara a kan takarda. A waje wani yana buga ƙarfe, wata mota ta wuce.

"Dubu biyar da ɗari biyar da arba'in da uku," in ji Inna.

"Sauko da ukun ƙarshe. Karanta mini."

Ba ta karanta ba.

"Na ce karanta mini."

"Malam, ai wannan mun riga mun rubuta ta. Ga ta can sama, a layin farko. Dubu hamsin da biyar da ɗari huɗu da talatin da uku."

Da ƙyar ya ce, "Sau bakwai. Ɗebe."

"Me zan ɗebe? Iri ɗaya ne. Babu saura."

"Duba da kyau."

"Na duba. Sifili ne, Malam. Babu saura."

Ya sa ta karanta masa abin da ke sama. 7,927. Ya san ta, ita ce tilon da ke bin ta ƙarshen jadawalinsa, wadda ba ta samu wuri a takardar ba. Tilo biyu maƙwabtan juna, ba wata a tsakaninsu. Ɗigo ta yafe masa. Kwana uku kacal bayan ya ce ta nemi wani uban, ta zauna a teburin cin abincinta ta ninka su, ta tako har gidan ta turo masa. Wani abu da ya danne masa ƙirji shekara uku ya ɗaga, ya ja numfashi har ƙasan cikinsa, ya yi hamdala da ƙarfi.

Daɗin bai kai minti ɗaya ba. Ya juyo da fuskarsa wajen bango, inda jadawalin yake, ko da yake ba ya ganinsa. Ta ƙarshe ta zaɓa. Ta san idonsa, ta zaɓi wadda ke kusurwa, wadda ko da lalube zai same ta. Da ya sa yatsa a ƙarshen jadawalin ranar da takardar ta shigo, rabawa ɗaya ce, aikin minti biyar. Tana da rai a lokacin, gidanta bai fi tafiyar kwata awa ba.

"Kwana goma sha ɗaya," in ji shi. "Tana can tana jira, takardar tana cikin durowa."

Inna ta rufe alƙalamin, ta ajiye shi a tsakiyar littafin. Ta share ido da gefen mayafi.

"Ba can take jira ba. Nan take zuwa."

"Nan ina?"

"Kullum in an tashi daga makaranta sai ta shigo ta ƙofar baya, ta zauna a kicin, bayan bangon nan da kake jingina. Ta ce kada in gaya maka. Ba ta gaya mini amsar ba, ni ma ban tambaya ba. Tambaya ɗaya take yi mini: Inna, ya fara?"

"Me kika ce mata?"

"Na ce ka fara. Ƙarya na yi mata, kwana goma ina yi mata ƙarya. Na kasa gaya maka bayan ta tafi, don ban san me za mu tarar ba."

Malam ya lalubo gefen teburin ya riƙe. "Ta yarda?"

"Ta yarda. Ranar ƙarshe da ta zo har dariya ta yi. Na ce mata, ke ma kin cika wahalar da mutum, ki shiga ki gaishe shi kawai mana. Ta ce, 'Ki bar shi, Inna. Na ajiye masa ita a bakin ƙofa, amma na san Baba, ta can farko zai faro. Zai daɗe, amma zai iso.'"

Malam ya ɗauki littafin, ya kai shi kusa da fuskarsa, ya karkata shi wajen hasken taga. Ba ya ganin komai sai fari. Ya miƙa wa Inna, ya ce ta sake karanta masa layin ƙarshe. Ta karanta.